Tausa ko alluran Sinawa? Ƙuguna ya hana ni sakat

Direban Agege: Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema, don abin ya kai ni bango. Shekarata 9 ina tuƙa wani oga, kullum daga Agege zuwa Victoria Island a nan Legas. Kafin a kira assalatu na fita, ba na shiga gida sai goma ta gota. Duk wanda ya san gadar Third Mainland da yamma ya san abin da nake faɗa, kilomita 11 da ɗoriya ce amma sai ka share awa biyu ƙafarka tana kan birki. Wata biyar ke nan ƙuguna ya riƙe. Wuyana ma ta dama, in zan leƙa baya sai na juyo da kafaɗa gaba ɗaya kamar wanda aka ɗaura wa katako. Ruku'u da dabara nake yi. Na sha diclofenac, ƙwayar kashe ciwo, har cikina ya fara yi mini zafi, na bari. To yanzu matar oga ta ce in je wajen masu alluran Sinawa a Ikeja, wai can aka yi mata na gwiwa, kowane zama naira 25,000, kuma sai an yi zama shida. Abokin aikina ya ce ɓarnar kuɗi ce, in nemi mai tausa ya murje ni sau biyu in miƙe garau. Albashin ɗaya ne, ba zai ɗauki duka biyun ba. Wanne zan bi?

Ɗan Zango: Wa alaikumus salam. Yaya wannan basir ne wallahi. Zaman mota shi yake kawowa. Ka nemi na basir mai kyau ka gani.

Maman Hanifa: Kai Ɗan Zango, ko ƙaya ce ta soki mutum sai ka ce basir. Bawan Allah ya ce wuyansa ya riƙe, basir ɗin hawa bene ya yi?

Ɗan Zango: Anti ai yana hawa. Ba ki san shi ba ne.

Baba Mai Albasa: Allah ya ba ka lafiya yarona. Ni na zo Ikko tun zamanin Shagari, kuma kafin in mallaki buhu ɗaya na kaina na yi shekaru ina dakon na wasu, a kasuwar Mile 12 ma na tsufa. Ba mu san wata allurar Caina ba. In ka dawo bayanka ya ƙage, a dafa ruwa, a tsoma tawul a matse a ɗora maka har ya huce, a sake, kamar sau biyar. Sannan a kawo man kaɗanya a ɗan narka shi, wanda ya iya ya bi jijiyar da ke gefen ƙashin bayan nan da babban yatsa tun daga ƙugu har ƙeya. Za ka ji wani wuri ya yi kulli kamar ƙwallon goruba, nan zai tsaya ya danna har ya saki. In ba mai yi, ka kwanta rub da ciki ka sa ƙaramin yaro ya tattaka ka. In jini ne ya taru, ga wanzamai nan a Zango, a yi maka ƙaho. Dubu ɗari da hamsin a kan allurar da ko ruwan magani babu a cikinta? Gara ka aika wa mahaifiyarka ta sa maka albarka.

Telan Obalende: Baba a gafarce ni, ni an yi mini, bari in faɗi abin da idona ya gani. Bara bayan ɗinkin babbar sallah allon kafaɗata ya riƙe har almakashi ba na iya riƙewa da kyau. An yi mini tausa sau uku. Ranar da aka yi, barci nake kamar jariri, kwana biyu ciwon ya dawo inda yake. Sai wani kwastomana ya kai ni wajen alluran. Mutumin bai fara da allura ba, sai da ya sa na fito da harshe ya duba, ya riƙe wuyan hannuna yana sauraren bugun jini kusan minti biyu. Sannan na kwanta a kan wani gado mai rami a wajen fuska. A gabana ya yage takardar alluran, kowacce a rufe take. Ba irin ta asibiti ba ce mai rami a ciki, siririya ce kamar gashin wutsiyar doki, har lanƙwashewa take. Yana sa ta cikin ɗan bututun roba, ya ɗora a fata ya ɗan buga da yatsa, shi ke nan ta shiga. Cizon sauro ya fi ta zafi. Sai lokacin da ya murza ta ne na ji wani nauyi da tsami ya bazu a wurin. Guda 14 na ƙirga, har da ɗaya a tsakanin babban yatsa da manuniya, na ce masa ni kafaɗa ce ke ciwo ba hannu ba, ya yi dariya kawai. Minti ashirin aka bar ni, har gyangyaɗi na yi. Zama na farko da na biyu ban ga komai ba, na fara jin haushin kuɗina. Daga na huɗu ne na lura na wuni a kan keke ban miƙe na murza kafaɗa ba. Na samu kamar wata huɗu lafiya. Amma tsakani da Allah, da aikin azumi ya taso na koma kwana a shago, ciwon ya dawo, ko da yake bai kai na da ba.

Baba Mai Albasa: To ka ji. Ya dawo.

Telan Obalende: Baba ai na tausar ma ya dawo, shi kwana biyu ma ya yi.

Ɗalibin Akoka: Bari in ɗan jefa tawa. Sinawa sun fi shekara 2,000 suna wannan aiki, bayaninsu shi ne wai akwai wani ƙarfi da suke kira ci da ke gudana ta wasu hanyoyi a jiki, in ya toshe sai ciwo, allurar ce ke buɗe shi. Wurare 361 aka ƙayyade. To har yau babu likitan fiɗa da ya yanka jiki ya ga waɗannan hanyoyi. Amurkawa ma ba su damu da ita sosai ba sai a 1971, da aka yi wa wani ɗan jaridar New York Times, James Reston, tiyatar afendis a Beijin, aka sa masa alluran saboda ciwon bayan tiyata, ya koma ya rubuta. Ga abin da ya fi ba ni mamaki. A Jamus an yi gwaji da mutum 1,162 masu daɗaɗɗen ciwon baya, aka fitar da sakamakon a 2007. An raba su uku. Waɗanda aka yi wa allurar gaske, kashi 47.6 cikin ɗari sun samu sauƙi bayan wata shida. Waɗanda aka yi wa ta bogi, wato aka tsira musu sama-sama a wuraren da ba su ne ba, kashi 44.2. Kun ga ke nan ko ni na ɗauki allura na tsattsira wa Yaya Direba inda na ga dama kusan sakamako ɗaya za a samu. Zato ne kawai yake aiki.

Maman Hanifa: Allah ya kiyaye Yaya Direba daga allurarka.

Mai Gashin Ƙashi: Ƙanena na Akoka, ka karanto biyu ka ɓoye na uku. Kaso na ukun su ne aka ba magunguna da gashin ƙashi da motsa jiki yadda aka saba, kuma kashi 27.4 ne kacal suka samu sauƙi. Wannan lambar ni ta fi yi wa ciwo, don aikina ke nan, amma gaskiya ce. Bayan wannan gwajin ne inshorar lafiya ta Jamus ta fara biyan kuɗin alluran ga masu ciwon baya da na gwiwa da ya daɗe.

Ɗalibin Akoka: To Anti ai kin ƙara mini hujja. Allurar ƙarya ta doke gashinku.

Mai Gashin Ƙashi: Ka yi haƙuri in gama. Mutanen nan a matsakaici sun yi shekara 8 suna fama, kuma yawancinsu sun riga sun gaji da maganin da aka saba. Ka ce wa wanda ya gaji da abu ya koma kansa, ɗan uwansa kuma ka kai shi sabon ɗaki ka kwantar da shi rabin awa kana kula da shi har zama goma, dole a ga bambanci. Sannan allurar bogin ma ai ta huda fata, ba a ce ba a yi komai ba. Huda fata da tsoka yana sa jiki ya saki sinadaransa na kashe zafi, kuma yana canza yadda laka da ƙwaƙwalwa ke karɓar saƙon ciwo. Shi ya sa har manyan hukumomi ba su daidaita ba. Ta Ingila a 2016 ta ce kada a riƙa yi wa masu ciwon ƙugu alluran, tausa kuma a yi ta amma sai tare da motsa jiki. Ƙungiyar likitocin Amurka a 2017 ta sa duka biyun cikin abin da za a fara gwadawa kafin ƙwayoyi. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2023 ita ma ta ambaci duka biyun cikin abubuwan da za a iya yi wa mai daɗaɗɗen ciwon ƙugu. Ita tausa, da aka tattara gwaje-gwaje 25 a 2015, abin da aka gani shi ne tana rage ciwo amma na ɗan lokaci, daidai da abin da tela ya faɗa. Ni yadda nake gaya wa masu zuwa wurina, in tsoka ce ta ƙage saboda gajiya ko zama wuri ɗaya, ka taɓa ka ji kullin da Baba ya ce, tausa da ɗumi sun fi sauri kuma sun fi araha. In ciwon ya haura wata uku, an duba ba a ga wani abin tsoro ba, an yi motsa jiki bai saki ba, to alluran abin gwadawa ne. Amma Yaya Direba, kafin ka ba kowa sisinka ka amsa mini waɗannan. Ciwon yana sauka ƙafa har ya wuce gwiwa? Ƙafar tana mutuwa ko takalmi yana suɓuce maka? Fitsari ko bayan gida ya canza? Kana zazzaɓi ko zufar dare, ko ka rame? Yana tashe ka daga barci ko ba ka motsa ba?

Na Kwatar Oko-Oba: Anti Allah ya saka miki da alheri da wannan tambaya. Ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya haka ya fara, ciwon baya. Muka ce ɗaukar nama ne. Wata bakwai wani mai tausa yana zuwa gida yana murza shi, har da hawa da gwiwa, yaron yana ihu yana cewa ciwon ne ke fita. Yana ramewa muna cewa rashin cin abinci ne. Ranar da ya tashi zai yi alwala ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa muka kwashe shi sai asibitin ƙashi na Igbobi. Da aka yi hoto, ashe tarin fuka ne ya ci masa ƙashin baya, ni ban taɓa sanin yana kama ƙashi ba, don ko tari ba ya yi. Ya sha magani shekara guda cur. Yanzu yana tafiya alhamdulillahi, amma da ɗan doro. Mai tausar nan ko sau ɗaya bai ce mu je asibiti ba.

Baba Mai Albasa: Innalillahi. Allah ya ƙara masa lafiya. Wannan ba mai tausa ba ne, mugu ne. Na ƙwarai in ya taɓa sau biyu bai ga sauƙi ba shi da kansa zai ce wannan ba nawa ba ne.

Direban Agege: Anti, ba ya sauka ƙafa, iyakarsa ƙugu da saman ɗuwawu ta dama. Fitsari lafiya, ba zazzaɓi, rama kuwa sai ma tumbi da na ajiye. In na kwanta yana lafawa, ranar Lahadi da ba na tuƙi kusan mantawa nake da shi. Labarin ɗan uwanmu na kwata ya tsorata ni wallahi.

Mai Gashin Ƙashi: Amsoshinka sun kwantar mini da hankali, amma ba a duba mutum ta waya. Ka yanki kati a babban asibitin gwamnati da ke kusa da kai, ko LASUTH, asibitin koyarwa na jami'ar jihar Legas da ke Ikeja, likita ya taɓa ka, ka kuma gaya masa zancen cikin da ya yi zafi, don diclofenac yana ƙwaƙule ciki kuma yana wahalar da ƙoda in an daɗe ana sha. Wata tambayar, ina kake sa walat ɗinka in kana tuƙi?

Direban Agege: Aljihun baya na dama. Da lasisi da katunan banki da takardun mota duk a ciki.

Mai Gashin Ƙashi: To ka ga ɓangaren da ke ciwo. Awa shida kana zaune a karkace, gefe ɗaya a kan tudu. Cire shi tun yau. Ka matso da kujera gaba yadda za ka taka birki gwiwarka tana ɗan lanƙwashe, ka ɗago majinginar kada ka riƙa tuƙi a kishingiɗe kana miƙo wuya. Ka naɗe ƙaramin tawul ka sa a kwarin bayanka. In ka sauke oga kada ka kwantar da kujera ka yi barci a mota, ka fito ka taka ko minti goma ne.

Ɗan Zango: Ni dai har yanzu ina nan a kan bakana. Ko ka gwada agbo, jiƙon Yarbawan nan na tasha, ofa-eyin, direbobin danfo shi suke sha.

Malamin Islamiyya: Ɗan Zango ka ji tsoron Allah. Da yawan na tashar nan a cikin barasa ake jiƙa su, kuma mutumin da kake ba shawara sitiyari yake riƙewa. Wani ya tambaye ni ta gefe ko alluran nan sun halatta tunda asalinsu daga waɗanda ba Musulmi ba ne. Asali a sha'anin magani halacci ne, an umarce mu da neman magani, kuma ba a tambayar addinin wanda ya gano shi. Matuƙar ba a kira wani abin bauta ba, ba a sa ka faɗi wasu kalmomi ba, allura ce kawai da fata. Ba dole ka yarda da bayaninsu na ci ba kafin ka kwanta. Inda na fi jin tsoro shi ne tausa. Namiji ya yi wa namiji, mace ta yi wa mace, a kiyaye tsakanin cibiya da gwiwa sai gwargwadon lalura. Kuma kowa ya san wasu wuraren da ke rubuta tausa a allonsu a garin nan ba tausa kaɗai suke sayarwa ba. Ƙaho kuwa sunna ce tabbatacciya, hadisinsa yana cikin Buhari.

Mai Gashin Ƙashi: Malam na gode. A kan ƙahon, sabuwar reza a ɓare ta a gabanka, kofunan ma na roba da ake yarwa sun fi. Ciwon hanta ta jini yake bi, kuma yana da yawa a cikinmu. Dokar ɗaya ce da alluran, in ba a yage takarda a gabanka ba ka sa rigarka ka fita. Kuma allura a saman kafaɗa ko ƙirji in ta yi zurfi tana iya huda huhu, ba kasafai ba amma yana faruwa a hannun wanda bai ƙware ba. Ka nemi ganin takardar rajistarsa, ba rashin kunya ba ne. Jihar Legas tana da hukumar da ke yi wa masu maganin gargajiya rajista, mu ma masu gashi muna da tamu ta tarayya. Mai shan maganin tsinka jini da mai juna biyu su faɗa tun kafin a taɓa su. Wanda ƙwaurinsa ɗaya ya kumbura yana zafi kuma kada a kuskura a tausa, gudan jini ne mai yiwuwa, in ya ɓalle huhu yake tafiya.

Hajiya Mai Atamfa: Ni ban shigo da wuri ba ina kasuwar Balogun. Duk kun yi maganar tsoka da ƙashi, ba wanda ya yi maganar zuciya. Shekarar da kayana suka maƙale a tashar jirgin ruwa, masu bashi suna kira dare da rana, kafaɗuna har kunne suke kaiwa, kaina kamar an ɗaure da igiya. Wata dattijuwa 'yar Nijar ce take zuwa gida duk Juma'a da yamma, ta shimfiɗa tabarma, man kaɗanya da ɗan man zafi, tana murzawa tana ba ni labarin jikokinta. Wallahi wani lokacin hawaye nake ba don zafi ba. Hannun mutum daban ne, allura ba za ta tambaye ka ya gida ba. Direba, Allah ya sa dai ba ogan ne ya hau maka wuya ba.

Direban Agege: Hajiya kin taɓo inda yake yi mini ƙaiƙayi, amma a bar kaza cikin gashinta, matarsa tana da 'yan uwa a gidan nan.

Ɗalibin Akoka: Anti Mai Gashi, na sauko rabi. Amma har yanzu 150,000 a kan bambancin kashi uku ya yi yawa.

Mai Gashin Ƙashi: A aljihun direba, na yarda da kai. A aljihun matar oga, ba ruwana.

Direban Agege: Salam jama'a, na dawo da rahoto bayan sati uku. Na je asibiti, likita ya sa na kwanta ya ɗaga ƙafafuna ɗaya bayan ɗaya, ya ƙwanƙwasa gwiwa, ya ce tsoka ce, ko hoto bai ce in yi ba. Ya ba ni maganin ciki, ya tura ni sashen gashi, suka koya mini motsi huɗu da nake yi a kan darduma bayan asuba. Walat ya koma aljihun gaba. Na samu wani dattijo a Zango da Baba ya yi mini kwatance, ya tausa ni sau uku da ruwan zafi da man kaɗanya, duka ban kashe 10,000 ba. Wuya ya saki sarai, ina leƙa baya ba tare da kafaɗa ba. Ƙugun dai da saura, in gosulo ya wuce awa biyu yana tuna mini da kansa, amma ina ruku'u kamar kowa. Matar oga ta ji ban je alluran ba, ta ce ita za ta biya mini zama uku in gwada. Anti, in karɓa?

Mai Gashin Ƙashi: Karɓi mana, tunda ba aljihunka ba. Ka kalli takardar alluran ana yagewa, kuma kada ka bar motsin asubar. Sai dai uku sun yi kaɗan a gane ko ta karɓe ka, tela ma sai a na huɗu ya ji. Ka lallaɓa ta ta cika shida.

Baba Mai Albasa: In ta cika shidan ka ce ta ba ka kuɗin a hannu.

Ɗan Zango: Maganin cikin da likita ya ba ka, ka duba takardar da kyau, na rantse akwai na basir a ciki.